Kofin Ruwa a Bakin Ƙofata

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna? Autanki har yanzu yana tauna fensirinsa?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Da safe ina aji, da rana ina kamfanin ruwa, inda makaranta ta tura ni koyon aikin hulɗa da jama'a. Har tebur da waya aka ba ni.

Sai dai ruwan famfon wata unguwa ya koma ja, yana wari. Shugabarmu ta ce duk wanda ya kira in saki murya, in ce ruwan ba ya cutarwa. Yaya, unguwar da nake haya ce. Ni kaina sai na tafasa nake sha.

Shekaranjiya wata tsohuwa ta kira, jikanta na gudawa. Ina cikin jero mata amsar sai ta ce, "Ɗana, ba kai ne na ɗakin baya ba?" Ashe mai gidan da nake haya ce.

Ba ta yi mini faɗa ba. Na dawo na tarar da kofi cike da ruwan a bakin ƙofata. Yau ma haka.

In na ajiye aikin ba za su sa mini hannu a takardar makaranta ba, shekarar nan ta tafi a banza. Kada Inna ta ji, ki ce dai ta sa ni a addu'a.

Kofin yana nan gabana. Na kasa sha, na kasa zubarwa.

Ƙaninki.