Jan Fensir

Litinin, 3 ga Maris

Alhamdulillahi, jadawalina ya kammala. Galaksi ɗari da goma sha biyu, kowane dandazon taurari da lissafin sababbin da yake haifa a shekara. Umma ta ce, "To ungozomar taurari, yaushe ne suna?" Na sake yi mata bayani: ƙura ta rufe inda ake haihuwar, ido ba ya gani, amma siginar rediyo na ratsa ƙurar ta iso farantanmu, manyan na'urorin da ke kamo sigina daga sararin samaniya. Gwargwadon ƙarfinta, gwargwadon yawan haihuwar. Ta ce Allah ya raya.

Na miƙa wa Yaya Dogo takardun. Haka ƙa'idar ofishinmu take: kafin aiki ya je gaban Farfesa, abokin teburinka ya duba, ya zagaye kuskure da jan fensir, ya mayar maka hannu da hannu, ba mai ji. Shekara uku ni da shi muna haka.

Laraba, 5 ga Maris

Farfesa ya ce an ba sashenmu awa arba'in a babban faranti, kuma mutum ɗaya zai samu. Ko ni ko Dogo. Ran Litinin kowa zai gabatar da aikinsa, ya zaɓa. In na samu, bana na gama digiri. In na rasa, sai baɗi, in ma baɗin.

Dogo ya ce, "Haba ƙanwata, ai naki ne."

Juma'a, 7 ga Maris

Ya dawo min da takarduna. Na buɗe shafi-shafi, ko ɗigon ja babu. "Tsaf," in ji shi. Don murna har shayi na haɗa masa, madara cokali uku yadda yake so.

Litinin, 10 ga Maris

Ba zan iya rubutu yau ba.

Talata, 11 ga Maris

Bari in rubuta ko zuciyata ta sauka.

Na gama bayanina lafiya lau, har Farfesa na gyaɗa kai. Sai Dogo ya miƙe, wai yana da ɗan tsokaci. Ya haska hoto a bango. Jadawalina! Da da'irar ja guda tara. Ya ce waɗannan galaksi tara akwai baƙin rami a tsakiyarsu, abin nan mai haɗiye komai har haske, shi ma yana fitar da siginar rediyo, ni kuma na lissafa ta duk a matsayin haihuwar taurari. Wato na ƙirga jariran da ba a haifa ba.

Gaskiyarsa ce. Kuskurena ne, ban musa ba. Amma don me aka yi jan fensir?

Farfesa ya cire tabarau. "Wa ya duba miki aikin nan?" Na kalli Dogo. Ko kunya babu ya ce, "Ranka ya daɗe, sai jiya na lura." Alhali ga kwanan wata nan a kusurwar hoton, ƙanana-ƙanana: 6 ga Maris. Alhamis. Kwana ɗaya kafin ya ce min tsaf, ya shanye shayina. Ni kaɗai na gani. Na tattara takarduna na koma kujerata.

An ba shi awa arba'in ɗin.

Asabar, 15 ga Maris

Umma ta ce na rame. Na ba ta labari, ba ta gane baƙin rami ba, amma ta gane Dogo. "Wanda ya zo gaishe ni da na kwanta asibiti?" Shi fa. Ta ce in bar shi da Allah. Na ce to. A baki.

Laraba, 19 ga Maris

Na gyara taran nan. Kwana biyu kawai ya ɗauke ni. Kwana biyu! Da ya zagaye min su ran Juma'a, da kafin Litinin na gama. Wallahi wannan ya fi komai ƙona min rai.

Ya ajiye min shayi a tebur. "Ƙanwata, kimiyya ce, ba gaba ba." Na ce, "Na gode, Malam." Ya ji Malam ɗin, na ga fuskarsa. Shayin ya huce a wurin.

Laraba, 26 ga Maris

Ikon Allah. Ƙa'ida dai ba ta canja ba, nasa jadawalin ya zo hannuna, wanda zai gabatar a gaban Farfesa ran Litinin kafin a tura sunansa can wurin faranti. Wuri shida ya haɗe siginar galaksi biyu maƙwabta ya ƙirga su ɗaya. Shida! Na duba sau uku. Na ɗauko jan fensir, na fiƙe shi, na zauna ina kallonsa.

Juma'a, 28 ga Maris

Na mayar masa. Ya dinga buɗe shafuka yana neman ja. "Tsaf?" Na ce, "Tsaf." Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce ya san ni ba mai riƙo ba ce.

Ni fa ban ce zan yi magana ran Litinin ba. Hoto kawai na ɗauka. Na dai tabbatar babu kwanan wata a kusurwa.