Kwakwar da Kika Dasa Ke Kaɗai

Catford, London
12 Janairu, 1994

Zuwa ga Karimatu, sanyin idona, inuwata a tsakiyar rana, ruwan sama na farko a kan busasshiyar ƙasata,

Yau na karɓo hotunanmu daga wurin wanki, na tsaya a bakin titi ina dubawa, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Kin tuna masaukin nan na bakin teku, yamma da Takoradi a ƙasar Ghana, wanda na kama mana ɗaki a cikinsa tun bazara? Bukkoki takwas masu rufin ganyen kwakwa, ba mota, ba talho, ba ko leda ɗaya a yashi. Ruwan sama suke tarawa a tanki, rana ce ke ba su wuta. Shekara shida kina jiran mako guda wanda zai zama namu mu biyu. Ni kuwa me na ɓoye a ƙasan akwati? Takardun jarrabawar ɗalibaina guda casa'in, da jan biro.

Masu wurin suna da al'ada: kowane miji da mata su dasa tsiron kwakwa tare, su rubuta sunayensu a ɗan allo. Da safen nan kika zo kirana mu je mu dasa namu, kika tsaya a kaina, ƙafafunki duk yashi, kina ƙamshin gishirin teku. Na ce ki yi gaba, saura takarda biyar. Biyar ta zama ashirin. Ko da na ɗago, har kin dawo kin wanke hannu.

Yau na ga abin da ban je na gani ba. Ga ki a durƙushe, kyakkyawa kamar hantsi a kan ruwa, kina danna ƙasa da tafin hannunki, wata baƙuwa ce ta ɗauke ki hoton. Can baya, a ƙarƙashin rumfa, ga wani mutum ya sunkuya a kan takardu. A jikin allon kuma kin rubuta Karimatu da Muniru. Duk da haka kin sa sunana!

Kullum ina ce wa yara su ɗago kai su dubi mai yi musu magana. Wane irin malami ne wannan, da ya san wanda ya faɗi lissafi a aji, bai san matarsa na kuka a gefensa ba?

Kwana tara ke nan kina wurin yayarki Rukayatu a Barking. Gidan nan namu ya zama kamar tekun da ya janye, sai laka da shiru. Ban ce ki yafe mini yau ba. Asabar zan shigo jirgin ƙasa na District line bayan azahar, hannuna ba jakar takardu, in tsaya a ƙofa. In kin buɗe, na gode wa Allah. In ba ki buɗe ba, zan dawo wata Asabar ɗin.

Abin da kika ji yana motsi a cikin ambulan ɗin nan, jan biron ne. Ki riƙe shi. Ke kaɗai kika isa ki duba ni, ki ce ko na ci.

Naki, muddin kwakwar nan na tsaye, da bayan ta faɗi,
Muniru