Azurfar da Ta Tokare Ƙafar Gado

Ina rubuta wannan wasiyya da hankalina garau. Na san mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana lasar duwatsu a tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai sai ya kawo shaidar lafiyar hankalinsa, to ku tambayi likita. Dutse ba ya nuna launinsa sai ya jiƙe, shi ke nan dalilin.

1. Duwatsun da suka cika ɗakin baya, ku ba jikoki masu ƙyallin cikinsu su yi wasa. Azurfa a jikin dutse baƙa ce, mummuna, sai nauyi.

2. Gudumata ta Auta ce, 'yata mai jinyata. Ita kaɗai ba ta taɓa yi mini dariya a gabana ba.

3. Babba, kai da ƙanenka Dogo, ku buɗe kunne. Sau ɗaya tak na tsinci azurfar gaske, dunƙule guda, maƙeri ya tabbatar. Na ajiye ta kan taga, ta yi ɓatan dabo. Tun ranar kowannenku ke zargin ɗan'uwansa. Kun yi aure, kun haihu, har yau ko gaisuwa babu. Wallahi abin yana ci mini rai fiye da ciwon nan.

Makon jiya tabarauna ya faɗi, na leƙa ƙarƙashin gado, sai ga ta. Marigayiya mahaifiyarku ce ta tokare gajeriyar ƙafar gadon da ita. A wurinta dutse dutse ne. Kullum cewa take tarkacena ba ya tsinana komai, ashe ta samo wa ɗaya aiki. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, sannan na yi kuka.

4. Kada a taɓa ta ina raye, gadon zai yi rawa. Bayan an kai ni ku ciro ta ku raba, har da Auta. Gadon ƙarfe ne irin na da, mutum ɗaya ba zai ɗaga shi ya zaro dutsen ba. Ban yarda a kira maƙwabci ba. Babba ya ɗaga, Dogo ya zura hannu.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya jiƙan uwarku. Ku riƙe juna da kyau. Babba, hannun ƙanenka ne a ƙasa, kada ka saki.