Turmina na Dama da Ranar Kasuwa

Zuwa ga Mai girma Shugaban da aka ɗora wa kula da lafiyar jama'a a wannan yanki namu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Allah ya ja zamaninka.

Ni dillali ne a kasuwar dabbobi ta Tanut, ina kuma cin ta Belbeji. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, amma ya isa in rubuta wannan da hannuna. Tun ina saurayi da haƙori nake ci. Idan Buzu ya kawo raƙumi ya rantse cewa ɗan bara waccan ne, ba na musu da shi, leɓen raƙumin nake ɗagawa. Mai dabba yana iya ƙarya, haƙori ba ya yi. To ranka ya daɗe, ni da nake karanta bakin dabbar kowa, sai a bana na gane ban san komai ba a kan nawa.

Na farko, ga abin da ya faru. Turamena na hagu, wato haƙoran tauna, duk sun tafi. Kowannensu hanya ɗaya ya bi: ya yi kogo, in cusa kanumfari, in koma kanwa da garin taba, kunci ya kumbura, in je likita. Majo, mai duba marasa lafiya a can, mutumin kirki, ya ba ni ƙwayoyi ya ce aikin haƙori sai Damagaram. Ni kuwa kasuwa na ci, sai in zarce rumfar wanzami, ya sa awartaki. Akwai ma ranar da na nuna masa da yatsa, ya cire, na tofa jini, na yi godiya, washegari ciwo yana nan daram. Ashe maƙwabcin mai laifin aka kora. Ban riƙe shi a zuci ba, ni na nuna, kuma ciwon haƙori ba ya zama gidansa. A iliminmu na kasuwa haƙorin da ya lalace ya lalace ke nan. Wa ya taɓa ganin an yi wa rago gyaran baki?

Na biyu. Bayan Sallar Layya na raka wani ubangidana Damagaram da shanu. A can turmin dama ya tashi da ciwo, shi kaɗai ya rage mini mai abokin haɗuwa a sama. Na shiga wurin lokotoron haƙori, wato likitan haƙori, da niyyar a cire. Mace ce, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba. Ta kwantar da ni a wata kujera mai kishingiɗa, ta haska fitila, ta sa ɗan madubi, ta ɗauki hoton haƙorin har saiwarsa. Daga nan ta ce ba za ta cire ba, gyara shi za ta yi. Na ɗauka irin cinikinmu ne, a ƙi sayar maka da wanda ka taya don a tura maka mai tsada. Sai na ga ta yi allura wurin ya mutu, ta ƙwaƙule ruɓaɓɓen da wani ƙarfe mai kuka kamar sauro, ta liƙe kogon kamar yadda ake ɗinke ƙwarya. Ta leƙa hagu, ta ga fili fetal, ta ce da an kawo mata su da wuri, da yawancinsu ciko kawai suke so. Ranka ya daɗe, an sha kayar da ni a ciniki, ban taɓa jin asara ta zauna mini a ƙirji kamar wannan ba.

Ta yi mini kashedi: cikon na ɗan lokaci ne, jijiyar ta taɓu, sai na yi ta komowa ta wanke cikin saiwar, sannan ta rufe da na dindindin. In na yi sake ya tsage, ita ma cirewa za ta yi. Na koma sau ɗaya. Da na sake zuwa na tarar layi ya cika, aka ba ni wata rana, ranar kuwa ta faɗo a kan kasuwa. Dillalin da ya bar kasuwa ya bar wa wani baƙinsa, kuma Bafillacen da ya sauka hannun wani ba ya dawowa naka. Yanzu cikon ya fara zaizayewa, ina jin bakinsa da harshe.

Na uku, tambayoyi ne, don tun daga ranar da na kwanta a kujerar lokotoro kaina bai huta ba. Shin wannan kujera ba ta shiga mota? Na ga likitan dabbobi yana ɗaukar allurarsa cikin akwatin sanyi har bakin rijiyoyin Tenhya da kwarin Tarka, yana bin shanu ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa saniyar Bafillace take ganin likitanta a gida, shi kuwa mai ita sai ya yi doguwar tafiya? Ba gatse nake ba, so nake in sani. In wuta ce matsalar, ai masu cajin waya da hasken rana suke aiki. Shin ba a iya koya wa majo ko da cikon ƙaramin kogo da kankare dattin da ke kama gindin haƙori? Sa'an nan tsutsar nan da mai maganin haƙori da hayaƙi yake fitarwa daga bakin mutane cikin kwanon ruwa, lokotoro ta yi dariya ta ce babu wata tsutsa. To me yake zubawa? Maiɗakina ma ta ce in tambaya ko furen tabar da take rina haƙora da shi yana ci ko yana tsarewa. Na ce mata zan kai gaba.

Na huɗu. An ce mini an taɓa turo masu duba haƙori nan, suka zauna ranar da ba kasuwa, suka koma suna cewa mutanen yankinmu na Damargu ba su da ciwon haƙori. In haka ne, an taya ba a wurin ciniki ba. Mutumin daji ranar kasuwa kaɗai yake shigowa gari. Ku zo ranar, ku duba masu naɗe kunci da rawani a bakin rumfar wanzami, za ku ga kasuwarku.

Roƙona ke nan. A turo mana lokotoron haƙori lokaci zuwa lokaci, a daidaita zuwansa da kasuwar Tanut da ta Belbeji. A sanar a rediyo da Hausa da Buzanci da Fillanci, a faɗa a fili cewa ana gyara haƙori, ba cirewa kaɗai ba. Rumfa da tabarma da tara jama'a ku bar mini, kiran mutane sana'ata ce, kuma wannan karo ba na neman la'ada.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare maka turamenka hagu da dama. Ni dai da gefe guda nake tauna, shi ma a hankali, kamar mai taka sabon daɓe. A kasuwarmu, dabbar da bakinta ya ƙare ba a tambayar shekarunta, mahauci ake kira. Ina roƙo a iso kafin kasuwa ta kai ni can.

Wassalam, naka mai biyayya,

Wani dillalin dabbobi, Tanut.