Saƙon Ƙarfe Takwas na Safiyar Litinin

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗana, ɗan Yayana. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. Allah Ya sa albarka a kamfanin nan da ka kafa, Ya tsare ka daga haram komai ƙanƙantarta. Mu nan lafiya, sai godiya. Ƙafata ta yi sauƙi tun da na daina hawa bene. Ƙanwarka an mai da ita ɗakin yara a asibitinsu, tana dawowa a gajiye amma tana son wurin. Kawunka direba ya rabu da motar nan da ake turawa kowace safiya, maƙwabta sun huta. Babanka kuwa, saboda shi na ɗauki biro.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannu, alhali akwai waya. Da gangan na yi. Na ba surukinka da zai taso gobe, na ce ya sa maka a hannu, domin ina so idonka ne zai karanta, ba wani abu ya karanta ya taƙaita maka ba. Ka san ni, ban iya ɗaga murya ba, ko kana yaro ban taɓa yi maka tsawa ba. To ka ɗauka wannan takarda ita ce tsawata, don raina a ɓace yake ƙwarai.

Tun rasuwar mahaifiyarka da na dawo gidan nan, ni ce idon Babanka a kan waya. Shekara arba'in yana sunkuye a kan cikin agogo da gilashin nan na ido ɗaya, har idon hagu ya tafi, na dama kuma yana bin sa a hankali. Kowace Litinin ƙarfe takwas na safe saƙonka yana shigowa, ni kuma in zauna a bakin gadonsa in karanta masa. Yakan duba agogon hannunsa kafin in fara, ya yi murmushi, ya ce yaron nan ya gaje shi wajen kiyaye lokaci, ko minti ɗaya ba ya kuskurewa. Sai ya faɗi amsa, ni kuma ina dannawa da yatsa ɗaya, wani lokaci mu kai rabin awa a kan layi biyar, yana gyara min kalma don kada ka ji kamar yana ƙorafi. Wata takwas muna haka.

Ranar Asabar waccan ƙanwarka ta dawo daga aiki tana murna, ta ce an yi hira da kai an sa a intanet, kana gaya wa masu kafa sababbin kamfanoni irin manhajojin da ka fi so. Muka zauna a kicin muka kalla, Babanka yana barcin rana. Wallahi na ji daɗin ganinka, ka yi ƙiba, ga farar riga. Ka nuna wadda kuke jera ayyuka a kanta kamar katuna, kuna jan su daga gefen waɗanda za a yi zuwa gefen waɗanda aka gama. Ka nuna wadda take zama da ku a taro tana rubuta abin da kowa ya ce, da wadda take toshe maka waya idan kana aiki. Duk ban ga laifinsu ba. Mai sana'a da kayan aikinsa yake, Babanka ma har yau ba ya yarda a taɓa masa hantsakinsa. Sai mai hirar ya tambaye ka wadda ta fi duka, ka ce wadda take karanta saƙonni ta amsa da irin maganarka, har ka yi dariya ka ce gaisuwar gida ma ka ɗora mata, kowace Litinin tana aikawa, kai kuwa ka sami ragin awa biyu a mako. Mutanen wurin suka tafa maka. Ƙanwarka ta kife wayar a kan tebur, muka kasa kallon juna.

Ɗana, awa biyun nan da ka rage, ka san ta wa ce? A nan ne na gane wani abu da ya daɗe yana ci mini rai. Makonni uku da suka wuce likitan ido ya ce za a yi wa idon dama aiki, kuma ya faɗa mana gaskiya, ana iya dacewa, ana iya rasa ɗan ganin da ya rage. Babanka ya sa na rubuta maka wannan da kalmominsa. Ya ce ba kuɗi yake nema ba, ba kuma ya ce ka bar aikinka ka taho ba, yana so ne kawai ka kira shi ta bidiyo da rana, lokacin da haske yake da kyau, ya ƙare wa fuskarka kallo tun yana iyawa. Sau uku ya sa na karanta masa kafin in aika. Amsa ta dawo kafin in ajiye wayar, wai madalla Baba, ka ji daɗin jin muna lafiya, Allah Ya ƙara girma. Na karanta masa ina jin kunya. Sai ya ce kai jarumi ne, ba ka son ka tayar masa da hankali shi ya sa ka kau da maganar. Ka ji uzurin da yake yi maka, alhali ko ganin saƙon ba ka yi ba.

Bayan mun kalli hirar na kira ka sau huɗu, wayar ba ta shiga, ashe abin toshewar nan ne yake aikinsa. Sai ga saƙo wai in zaɓi lokacin ganawa. Ƙanwarka ta buɗe, aka ce minti goma sha biyar ake bayarwa, a rubuta sunan kamfani da dalilin ganawa, kuma gurbin farko sai bayan kwana goma sha tara. Aikin idon saura kwana goma sha biyu a lokacin. Ni da na goya ka, wane kamfani zan rubuta? Ƙanwarka ta ce a sa kamfanin wankin tsummanka, ta yi dariya, daga nan ta fashe da kuka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ka sa ni cikin ƙarya. Tun ina ƙarama malaminmu ya koya mana cewa wanda ya isar da magana amana ya ɗauka. Wata takwas ina ce wa makahon bawan Allah ga abin da ɗanka ya ce, ashe ɗansa bai ce komai ba. Wannan ban sani ba, ina fatan Allah ba zai kama ni ba. Amma Litinin ɗin jiya na sani. Takwas ta buga, saƙon ya shigo, ya ɗaga agogonsa kusa da ido yana murmushi, na kasa hana shi, na karanta. Na yini ina istigfari. Na yi sau ɗaya da sanina, kuma ba zan ƙara ba, ko don kai ko don shi.

Kada ka aiko mini da uzuri a rubuce, don yanzu ban san wanda zai rubuta shi ba. Kada kuma ka aiko da wani abu a maimakon kanka. Aikin idon ranar Alhamis ta sama ne, Litinin ɗaya ta rage a tsakani. Har yanzu Babanka bai san komai ba, kuma yana sa rai. Ya sa an jawo masa kujera kusa da taga, ya ce a nan hasken safe ya fi kyau, ya sa ƙanwarka ta koya masa yadda ake ƙara girman hoto da yatsu biyu. Ranar Litinin ƙarfe takwas zan zauna kusa da shi kamar kullum. Idan wayar ta yi ƙara kai ne a ciki, zan miƙa masa in fita in ba ku wuri, maganar nan kuma ta mutu tsakanina da kai. Idan saƙon nan ne ya sake shigowa, zan gaya masa wanda yake rubuta shi.

Ka gaishe mini da matarka, yarinyar kirki, na san da ta sani da ba ta bari ba. Ka shafa mini kan 'yarka takwarata. Kawunka direba yana gaishe ka, haka matarsa da 'yan biyunta. Ƙanwarka ta ce kada in sa gaisuwarta, na sa, don fushinta ba ya kwana. Babanka bai san ina rubutu ba, amma da ya sani da gaisuwarsa ce ta farko.

Allah Ya shirye ka, Ya yi maka albarka, Ya nuna wa Yayana fuskarka.

Ni ce Gwaggonka, wadda take riƙe da wayar.