Zabirar Baba da Kibiya Mai Tsalle

Batsari,
Oktoba, 2021.

Zuwa ga Yayana Armaya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta kamaci ƙanwa ga yayanta, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Zulaihat da su Nurain. Ya aiki, ya fama da ruwan Fatakwal da ba ya gajiya da sauka? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya tsare mana ku a inda kuke, amin. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma bai hana ta faɗa ba. An yanke geron gonar bayan gari, ta wajen Yasore kuwa ba wanda ya leƙa ta bana, sai dai mu ce Allah ya kawo mana zaman lafiya. Tun da aka ɗauke sabis wayoyinmu sun koma tocila, shi ya sa ka ga rubutun hannuna. Rilwanu direba zai ɗauki hoton takardar in ya shiga Katsina ya tura maka.

Albishirinka: Surayya matar ɗan'uwanmu Mannir ta sauka lafiya ranar Asabar, an samu namiji, suna Asabar mai zuwa. Washegari na baro Safana na taho gida. Yau Laraba, kuma wallahi Yaya tun da na zo ban iya zama wuri ɗaya ba, wannan takardar ma sau uku ina tashi ina dawo mata. Maganar Baba ce, da kwamfutar nan da ka aiko masa.

Ka san bayan ciwon shanyewar ɓarin jikin da ya yi bara, likita ya ce ya riƙa motsa hannun dama da duk abin da zai haɗa ido da hannu, kai kuma ka sa masa wasan nan na harbin balan-balan. Da farko dariya ya yi, ya ce wanzami mai shekara arba'in da zabira ne za a mayar ɗan wasa. Daga baya sai ya riƙe abin da gaske. Kullum bayan walaha zai zauna a zaure, ya kama linzamin nan da kuke ce wa maus, ya yi ta harbi har caji ya ƙare. Ashe ba wasa yake yi ba, awo yake yi. Ya mayar da kibiyar nan ta kan gilashin kwamfuta ma'aunin hannunsa, in ta tafi inda ya nufa hannu ya dawo, in ta kauce hannu bai dawo ba. Kuma kauce masa take yi. Ya nufi balan-balan, sai ka ga ta yi tsalle ta wuce shi ta faɗa can gefe. Ranar da aka yi haihuwa Mannir ya je masa da albishir, ya ce askin suna dai na Baba ne kamar yadda ya yi wa kowannenmu. Baba ya ce hannun da ke tsalle a kan gilashi ba zai ɗora shi a kan jinjiri ɗan kwana bakwai ba. Ya aika garin Zakka a kira Barau, tsohon yaronsa da ya yaye tun muna ƙanana, ya ce ya zo ya yi askin, ya kuma tafi da zabirar gaba ɗaya, aska da ƙaho da dutsen wasawa, shi ya gama.

Yaya, zabirar nan fa! Wadda ko taɓa ta ba mu isa mu yi ba. Inna ta ce tun ranar bai ƙara cin tuwo ya kai rabin kwano ba.

Na ce wa Baba wataƙila na'urar ce ke da matsala. Ka san halinsa, a rayuwarsa bai taɓa ɗora wa aska laifi ba, in aka yi yanka to hannu ne, haka mahaifinsa ya hore shi, haka shi ma ya hori Barau. Ya ce kada in lallashe shi kamar yaro. Ni kuma da rawar kaina na ce bari in gwada a gabansa. Na zauna na fasa balan-balan goma sha biyu a jere, kibiya ba ta yi mini tsalle ko sau ɗaya ba. Na juyo ina murmushi, sai na ga fuskarsa. Kaico! Na je in wanke hannunsa, na ƙare da wanke na'ura. Ya tashi ya shige ɗaki. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Tun daga nan na sa kwamfutar a gaba. Na goge ƙasan linzamin da ɗankwalina. Na ɗauke shi daga kan buzu na ɗora a kan littafi, na ɗora a kan tebur. Na aika aka aro mini wani linzamin a wurin maƙwabcinmu mai aiki a sakatariya, duk kanwar ja ce. Na shiga wurin saiti na rage gudun kibiya, abin ya ƙara lalacewa, ta koma rarrafe. Ga caji ba ya wuce awa biyu, ga hadari ya hana sola cika batir, ga ba sabis balle in kira ka in sauke maka kwandon masifa, tunda kai ka haɗa abin.

Jiya na roƙe shi da girman Allah ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Wannan karon ban kalli gilashin ba, hannunsa na kalla. Yaya, aski yake yi! Yadda yake jan aska a kan mutum, a hankali, a hankali, sannan ya fizge da wuyan hannu a ƙarshe, haka yake jan linzamin. Ni kuwa da gudu ɗaya nake ja daga farko har ƙarshe, kamar mai jan layi a allo. Kuma daidai wurin fizgar nan kibiyar ke tashi. Da ya fita sallar la'asar na ɗauko alli da rula na yi zane biyu a kan tebur, tsakaninsu taƙi ɗaya, na manna ɗan salatif a gilashi inda kibiyar take. Na ja linzamin a hankali daga zanen farko zuwa na biyu, sannan na fizgo shi da sauri na dawo da shi zanen farko. Hannuna ya dawo inda ya tashi, amma kibiya ta wuce salatif da nisa. Na maimaita har sau bakwai. Ashe na'urar ce ke ƙara wa kibiya tafiya in ta ji an yi sauri, tafiyar hannu ɗaya, amma ita awo biyu take yi mata.

Na bi saitin linzami shafi-shafi da ɗan Turancina na malamar firamare, har na samu wani ɗan akwati da aka yi wa maki, wai yana gyara wa kibiya saiti. Na cire makin, na sake gwajin alli, kibiya ta dawo kan salatif cif. Na yi guɗa ni kaɗai a zaure har Inna ta leƙo. Amma da na buɗe wasan, sai ga tsallen nan yana nan daram. Kafin in gano dalili caji ya mutu. Yau kuma tun safe rana ta ƙi fitowa, Barau zai iso jibi, ni kuma ba zan sake kiran Baba gaban abin nan ba sai na tabbata. Don Allah ina kuma aka ɓoye sauran saitin? Na san amsarka ba za ta iso kafin suna ba, amma dai na tambaya ko zuciyata ta lafa.

Yau Lahadi. Rilwanu bai tafi ba, motarsa ta ƙi tashi, takardar tana nan a ƙarƙashin filona, tau bari in ƙarasa maka.

Ranar Alhamis rana ta fito. Ashe wasan ma yana da nasa wurin saitin daban, a ciki akwai wani maɓalli na ƙara wa linzami gudu, a kunne. Kai da ka sa wasan ko dubawa ba ka yi ba, Allah ya shirye ka. Na kashe shi, na gwada da alli a cikin wasan, ya yi daidai. Sai na kunna su duka biyun kamar da, na je na durƙusa na ce wa Baba ba wasa na kira shi ba, awo na kira shi ya duba mini. Kalmar awo ce ta taso shi. Na ce ya sa ido a kan hannuna, lafiyayye, na yi gwajin a gabansa, kibiya ta wuce salatif. Ya ce in sake. Na sake. Ya karɓi rular ya auna zanen da kansa. Sannan na kashe maɓallan biyu yana kallo, na tura masa linzamin. Ya ja a hankali, ya fizgo, kibiya ta tsaya a kan salatif. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce wata uku ke nan ƙarfe yana yi masa ƙarya yana gaskata shi.

Sai dai Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Da tsallen ya tafi, sai wani abu ya fito fili. In ya tsayar da kibiya a wuri ɗaya tana ɗan karkarwa, kaɗan, kamar ganyen da iska ta taɓa. Wannan kam ba na'ura ba ce. Na gani, shi ma ya gani, kuma ya san na gani. Na rasa inda zan sa idona. Ya ce yanzu abin ya fara faɗin gaskiya, gaskiyar kuma ba ta kai ƙaryar muni ba. Ranar Juma'a da safe ya zaunar da Mannir a kan turmi ya yi masa ƙwal-kwabo, bai yanke shi ko ɗis ba, amma har Barau ya iso bai ce zai yi askin jariri ba, bai kuma ce ya fasa ba da zabira ba.

Jiya da hantsi, bayan an raɗa suna, an mayar wa Baba sunansa, aka fito da takwaran nasa. Inna ta rungume shi a cinya, Barau ya durƙusa zai buɗe zabira, sai Baba ya miƙa hannu ya zaro askar da kansa. Ya jiƙa kan yaron, ya yi bismilla, ya fara daga ƙeya, a hankali, a hankali, sannan fizgar nan tasa. Ya aske baya, ya aske gefe da gefe, yaro ko motsi. Da ya zo maɗiga, wurin nan mai laushi da ke bugawa, sai ya tsaya. Ya dubi hannunsa. Ya juya askar ya miƙa wa Barau ta wajen ƙota, ya ce nan wurin na Barau ne bana. Barau ya ƙarasa yana share hawaye da kafaɗa. Ni kam a bayan Surayya na ɓuya na yi kukana.

Da aka gama Barau ya goge askar ya mayar, ya ɗago zabirar da hannu biyu yana jiran a ce ya tafi da ita. Baba ya karɓa ya rataya a kafaɗarsa, ya ce wa Barau ya gaida mutanen Zakka.

Inna tana gaishe ku, ta ce Anti Zulaihat ta aiko hoton yara ta hannun Rilwanu. Mannir da Surayya suna gaisuwa, mai sunan Baba ma ya ce a gaida Baffansa. Ka shafa mini kan Nurain da ƙannensa. Baba kuma ya ce in rubuta maka da manyan baƙi cewa ya ga sumar da ka tara a hoton sallah, kada ka kuskura ka kai wa wani ita, ka taho masa da abarsa in hanya ta yi kyau. Yanzu haka ina jin ƙarar dutsen wasawa daga zaure.

Wassalam. Taka ƙanwa mai kewarka,
Bara'atu.