Kwalaben Barau

Gumel,
3 ga Maris, 1975

Zuwa ga ɗana Ilu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da yaran makarantarku ta Ɗanzomo. Yaya tarin nan naka? Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya tsufa a matsar ƙuli bai saba da alƙalami ba.

Bayan haka, Alhaji Manu ya dakatar da maganar aurenka da 'yarsa Asama'u. Maƙwabcinmu Barau mai mota ne ya je ya ce masa kai mashayi ne, wai ya ga kwalaben giya jibge a ɗakinka. Barau ƙanensa yake nema wa yarinyar.

Ilu, ka san kwalaben nan na man gyaɗata ne. Abin da ba ka sani ba shi ne, shekara biyu ke nan matarsa Kyauta ke miƙo mini su ta katanga ina saya. Da can ban san abin da ke rubuce a jikinsu ba. Yanzu na haɗa baƙaƙen da kaina, na kai wa malamarmu ta yaƙi da jahilci. Ta ce Filsina ake kiran irin wannan giya, sunan wani gari ne a Turai inda aka fara dafa ta da sha'ir. Wai garau take kamar man da na tace sau biyu, ga farin kumfa, ga ɗaci, kuma sai da sanyi ake shan ta. Ta manyan ma'aikata ce, masu raina burkutu. Kyauta ta ce duk Alhamis yake shigo da ita daga kasuwar Maigatari a ƙarƙashin buhunan kanwa.

Na rufa masa asiri, shi ya tona maka na ƙarya. Wallahi sai ya ɗanɗani ɗacin da ya fi nata. Kada ka zo gida tukuna.

Allah Ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka,
Sabuwa

Gumel,
17 ga Maris, 1975

Ɗana Ilu,

Ina gaishe ka, ina fatan ka sha jiƙon da na aiko.

An gama. Na juye maina kaf a tulu, na tattara kwalaben, har waɗanda ban jiƙa na ɓare takardarsu ba. Ran Juma'a, da aka sauko daga masallaci mutane suka taru a ƙofar Barau suna gaisawa, Alhaji Manu na cikinsu, sai na sauke su daga kan jaki, ɗaya bayan ɗaya, a gefen tabarmar Barau. Na durƙusa na gaishe shi da ladabi, na ce kayan gidansa na dawo da su, tunda sun zama abin zargi a nawa. Ya rantse bai taɓa ganinsu ba. Sai Kyauta ta ɗaga murya daga zaure, ta ce akwai sauran takwas a bayan rumbu, cike, in ana son a gwada. Ashe ita ma ta gaji. Liman ne ya fara neman takalmansa.

Jiya Alhaji Manu ya aiko da goro. Bayan Sallah za a ɗaura aurenka. Kyauta tana gidan iyayenta a Gagarawa, wannan kam yana damuna, amma ko kaɗan ban ji tausayin mijinta ba.

Saura magana ɗaya. Da nake kwashe kwalaben ɗakinka, na sami wata a bayan akwatinka, naɗe cikin tsohuwar rigarka. Baƙaƙenta ba irin na Barau ba ne, na karanta sau uku. Murfinta na nan, ba a buɗe ba. Na haƙa rami a gindin zogale na binne ta, ban gaya wa kowa ba.

Ban tambaye ka ba, kada ka ba ni amsa. Amma ka sani na durƙusa a gaban maza na kunyata mutum saboda na ce ɗana ba ya sha. Kada ka mayar da ni Barau.

Ka riƙe salla, ka rufe ƙirjinka da safe.

Ni ce mahaifiyarka,
Sabuwa